Hancina Ne Jarina

Shekara ashirin da uku a Birni
ina dafa hawi da sukari a gindin dutsen gidanmu,
ban taɓa riƙe ma'auni ba.
Hancina ke cewa: ƙara farce.
Hancina ke cewa: sauke, zai ƙone.

Akwai wani haƙori, na sama, ɓangaren hagu,
turmi na biyu daga ƙurya.
Shekarar da na haifi Habsu ya hana ni barci wata guda.
Na cusa masa kanumfari, na guntsa ruwan gishiri,
ran nan ya yi tsit.
Na ce ya warke, har sadakar ƙosai na yi.
Ashe mutuwa ya yi a tsaye,
ya bar magaji a gindinsa.

Ba ciwo. Abin da ya cuce ni ke nan.
Kafar hancin hagu ta toshe, na ce mura,
murar ta ga azumi biyu.
In na kai goshi ƙasa sai nauyi ya gangaro
ƙarƙashin idona, kamar an ɓoye goro a ciki.
Na danna dasashi da yatsa,
ya lotsa, ya dawo, kamar gwangwanin madara.

Sai Yagana ta maido min kwalba uku.
Ba ta yi faɗa ba.
Ta ce, "Ƙawata, wannan ya yi ƙauri."
Na kai hanci, na jiyo shi can nesa
kamar kiran sallar wata unguwa.

Babban asibiti, layi tun asuba.
Likita Mutari ya ɗaga hoton ga taga,
na ga kaina ba kallabi, ba fata,
haƙora jere suna dariyar da ban yi ba.
Ya ce, "Kowa na da ɗaki biyu a kunci,
ba kowa ciki sai iska.
Na damanki baƙi ne, lafiya ke nan.
Dubi na hagu."

Wani abu kamar ƙwan zabo
ya taso daga saiwar mataccen,
ya ci ƙashi cin gara,
ya ɗaga daɓen ɗakin, ya miƙe ƙafa.
"Jakar ruwa ce. Ba na zaton daji ne,
amma sai an duba a Yamai."
Na riƙe maganar farko,
ta biyun ta riƙe ni.

Na ce kada a tsaga min fuska.
Ya ce ta ƙarƙashin leɓe za su bi, ƙofar baya.
Akuya biyu suka tafi Kasuwar Dole ba su dawo ba.
Habsu ta sa hannu a takarda,
ita da ciwon sa'anni ne.

Na farka da kunci kamar ƙoƙo.
Suka nuna min baƙon a kwalba:
'yar fata ce toka-toka, a saɓe,
haƙorin na rataye da ita, baƙi ƙirin.
Wannan ne ya kore ni daga sana'ata?
Ko kaza ba za ta tsince shi ba.

Kada ki fyace hanci.
In atishawa ta zo, buɗe baki.
Kunu, kunu, kunu da ƙaramin cokali.

Rana ta sha tara, daga ganin likita,
ɗan kabu-kabu ya yanke ta majema.
Ya ja rawani ya toshe hanci,
ni kuwa na daki kafaɗarsa: tsaya!
Ruɓaɓɓiyar fata, bagaruwa, ruwan toka,
duk suka shigo ta hagu ba sallama.
Na tsaya bakin rami ina shaƙa, ina kuka,
majema suna kallon mahaukaciya.

Takardar Yamai ba ta iso ba tukuna.
Harshena na yawan zuwa gaida gurbin.
Daren jiya Habsu na juya tukunya,
ina ɗaki, ban ma leƙo ba,
na ce, "Sauke."